Sawun Kaji a Bangon Gidan Waya

Wata biyu da rasuwar maigidana, matakalar ƙofar gidanmu ta ɓantare ta gefe, duk mai shigowa sai ya yi tuntuɓe. Na sa dutse na tokare, dutsen ma ya riƙa gocewa. Wata rana da hantsi na ji motsi a waje, na leƙa ta labule, sai ga Mai-Igiya a tsugune da kwanon kwaɓin siminti. Bai yi sallama ba, don kada in fito in yi godiya. Ya gyara, ya shafe, ya kifa kwali a kai saboda awaki, ya yi tafiyarsa. Da na aika masa da godiya sai ya ce ai ragowar kwaɓi ne, zubarwa zai yi. Na san ba haka ba ne, domin aikin da yake yi a lokacin yana can ƙarshen gari, kuma kwaɓi ba ya yin wannan doguwar tafiya bai bushe ba.

Magini ne. Sunan ya samo asali daga wata igiya mai dunƙulen ƙarfe a baki da ba ta rabuwa da aljihunsa, wadda ake sakewa a jikin bango a ga ko ya miƙe. Ko gaisuwar mara lafiya ya je, in ya zauna idonsa na kan bango, can sai ka ga hannu ya shiga aljihu. Matarsa ta ce ranar da ya je neman aurenta sai da ya gaya wa mahaifinta cewa zaurensu ya yi ciki. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, ba ya dariya sai dai ya karkace baki. Yana ce mini Hajiya, ko da yake ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Mutane sun yarda da aikinsa har ta kai in za a sayar da gida, mai gidan yakan ce Mai-Igiya ne ya gina, ko da ba shi ba ne.

Abu ɗaya na lura da shi tun da daɗewa. Tsohon gidan waya yana daura da gidanmu, kuma ta gabansa ne hanya mafi kusa zuwa kasuwa, amma Mai-Igiya ba ya bi ta nan. Sai ya zagaya ta bayan makaranta a kan kekensa, ya ƙara wa kansa tafiya.

Gidan wayan tsohon gini ne na dutse, mai dogayen tagogi da faffaɗan zaure inda dā ake layin aika wasiƙa. Da aka daina wasiƙa aka rufe shi, ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, daga baya jemagu da tantabaru suka raba shi tsakaninsu. Sai wasu masu ba da tallafi suka ce za su taimaka a gyara shi ya zama gidan kallon majigi na unguwa, da wurin koyon ɗaukar hoto. Aka kafa kwamiti. Shugaban wani tsohon ma'aikacin ofis ne wanda tun da ya yi ritaya bai samu wanda zai saurare shi ba. Masu tallafin suka ce dole a sa mace. Aka duba unguwa kaf, aka ga babu wadda ta kai ni shiru, aka kawo mini takarda har gida. Aikina shi ne in zauna a ƙarshen benci da carbina, in an zo ɗaukar hoto a matso da ni tsakiya.

Aikin gini kuwa Mai-Igiya aka ba, domin in wani aka ba, unguwa ba za ta yarda ba. Ya yi ta kawo uzuri, ya ce bayansa, ya ce idonsa, amma aka fi ƙarfinsa.

Kafin a fara, aka turo wata Dakta, masaniyar tsofaffin gine-gine, ta yi rabin yini tana zagayawa. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Duk ginin dutse ne, ban da bangon gabas na zauren. Shi na bulo ne, jajaye-jajaye, yana marmashewa in an taɓa, ya ɗan turo ciki a tsakiya. Fentinsa ya zube, sai ga wasu zane-zane a jikin bulon, layi uku-uku kamar yatsu a buɗe. Dakta ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan bango daban yake da sauran, ba ta san dalili ba tukuna, a rufe shi da tamfol ciki da waje, kada kowa ya taɓa sai ta dawo ta bincika. Abin da ta faɗa ke nan, da kunnena na ji.

Kafin motarta ta kai kwana, Shugaba ya riga ya gano dalilin. Bangon ya girmi sauran ginin. Washegari ya zama shekara ɗari da hamsin. Ranar Laraba ya kai ɗari biyu, kuma zanen nan rubutun mutanen dā ne. Ɗan ƙanwarsa, wanda shi ne Mai-Kamara na kwamitin, ya ɗauki hoton zanen, aka mayar da shi tambarin gidan. Aka buga shi a takardun wasiƙa, da riguna, da wani ƙaton allo a bakin titi. Ni ma an ba ni riga ɗaya, ina shimfiɗa ta a kan akwati.

A zama na gaba Shugaba ya shimfiɗa taswirar zauren. Allon majigi a jikin bangon gabas za a kafa shi, don duk mai kallo ya kalli tarihi. Manyan lasifikoki biyu su ma a jikinsa. A gindinsa kuma za a shimfiɗa tabarmi, wurin zaman yara, tun da su ba sa son kujera.

Mai-Igiya yana tsaye a bakin ƙofa, don ba a ba shi wurin zama ba. Na ga ya cire hula ya mayar.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."

"In kan yashi ne, ka ga sakatare."

"Kan bangon nan ne. Ba zai ɗauki lasifika ba. Ko ƙusa ba zai ɗauka ba."

Shugaba ya yi murmushi irin na wanda ya yi boko. "Baba, bangon da ya yi shekara ɗari biyu a tsaye?"

"Shekararsa talatin da huɗu. Ni na gina shi."

Sai ya faɗi komai, idonsa a ƙasa. Wata damina asalin bangon ya faɗi. Ɗan kwangilar da aka ba gyaran ya kawo siminti kaɗan, ya ce a ja shi da jar ƙasa da yashi, fenti zai rufe. Shi a lokacin bai daɗe da fara cin gashin kansa ba, yana tsoron a ce ya cika tsaurin kai, sai ya yi shiru ya buga bulon a nan filin baya. Babu ginshiƙi a ciki, babu rodi ko ɗaya. Tun daga ranar bai sake yin aiki irin wannan ba, kuma bai sake iya kallon ginin ba.

"To, rubutun fa?" in ji Mai-Kamara.

"Kajin mai gadi ne. Bulon bai bushe ba suka bi ta kai."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Shugaba ya dubi rigar da ke jikinsa, mai tambari a ƙirji, ya dubi Mai-Igiya.

"Baba, ka san riguna nawa muka buga?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ka san an aika wa masu tallafi rahoto mai shafi arba'in? Ka san saboda bangon nan suka ƙara mana ɗakin rediyo? Yanzu so kake in rubuta musu in ce kaji ne?"

"A rubuta ni ne. Ni zan ɗauki kunyar."

"Tsufa ne," Shugaba ya ce wa sauran, da murya ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji. "Haka kawuna ya yi, har cewa yake shi ya haƙa kogi."

Sai Mai-Igiya ya juyo wajena. "Hajiya, kina amarya a lokacin. Kin gani ko ba ki gani ba?"

Na gani. Ta tagar ɗakina nake kallon ana buga bulon, har ma nakan kora kajin in sun shigo mana. Na ce, "Gaskiya ya faɗa. Na gani da idona." Wannan ce maganata ta farko a kwamiti. Shugaba ya gyaɗa kai, ya ce wa sakatare, "Rubuta, wakiliyar mata ta tofa albarkacin bakinta a kan muhimmancin bangon." Aka wuce zuwa batun kalar labule, wanda ya ci sauran zaman.

Mai-Kamara bai bar abin ya tafi a banza ba. Ya zaunar da Mai-Igiya a gaban tamfol ya ɗauki bayaninsa, wai don ajiya. Da aka nuna mana abin da ya haɗa, sai ga tsoho yana cewa, "Duk ranar da na tuna bangon nan ba na iya cin abinci," ga kiɗa mai taushi a ƙasa, ga rubutu yana cewa haka dattawan unguwa ke ƙaunar tarihinsu. Sauran maganar duk an yanke. Mutane suka yi tafi.

Bayan kwana uku Mai-Igiya ya yi sallama a ƙofar gidana da rana tsaka. Na fito, ya tsaya nesa kamar yadda ya saba.

"Hajiya, kajinki nawa?"

"Bakwai, da zakara."

"Ina son aro."

Na dube shi. Ya karkace baki. "Ba yankawa zan yi ba. Aiki za su yi."

Nan ya gaya mini abin da ya ƙudura. Dakta ta ce a rufe bango da tamfol kada kowa ya ɗaga, kuma Shugaba ya sa doka mai tsanani a kan haka, har da igiya ja aka kewaye wurin. Mutum ɗaya aka yarda ya shiga bayan tamfol, shi ne Mai-Igiya, don ya riƙa kaɗe ƙura da buroshi mai laushi. To, zai tokare rufin da katako, ya sauke bangon kaɗan-kaɗan, ya tayar da sabo a gurbinsa, da ginshiƙai da rodi. Amma dole sabon ya fito da kamannin tsohon, tun da hotonsa yana jikin rigar kowa.

Na ce, "Malam, wannan ba yaudara ba ce?"

Ya ce, "Na faɗi gaskiya a gaban mutum tara, kin ji abin da aka rubuta. Jikokinki nawa za su zauna a tabarmar nan?"

Huɗu ne. Na shiga na kamo kajin.

A tsakar gidansa ya buga bulon, da siminti na sosai, ya ɗan zuba jar ƙasa a fuska don launi. Daga wannan makon ban ƙara ganinsa a kan keke ba, da ƙafa yake zuwa aiki, ni kuma ban tambayi inda ya samo kuɗin simintin ba. Na je na ga yadda kajina ke aiki. Ashe kaza in ba a so ta taka abu takawa take, in ana so kuwa sai ta tsaya tana kallon mutum. Ya watsa musu hatsi a kan ɗanyen bulo, suka miƙa wuya daga gefe suna tsincewa ba tare da sun hau ba. Ya kora su, suka tashi sama suka tsallake. Matarsa tana zaune a bakin ɗaki tana dariya har da hawaye.

"Shekara arba'in kana korar kaji daga aikinka, yau ga ka kana lallashinsu. Ka ce musu don Allah mana!"

"Ke dai riƙe zakaran nan, sawunsa ya yi girma, zai ɓata mini tarihi."

A ƙarshe sai da ya jera bulon a wani lungu tsakanin ɗaki da katanga, ya sa hatsin a can ƙarshe, yadda ba su da hanya sai ta kai. Sannan aka samu rubutun mutanen dā, har ya yi yawa, ya zaɓi masu kyau.

Sati biyar ya yi a bayan tamfol. Yana shigo da sabon bulo cikin baro tare da na ginin banɗaki, yana fitar da tsohon cikin tarkace. Tsohon ba ya bukatar guduma, da hannu yake ɓare shi. Duk wannan da rana ake yi, kwamiti na zaune a ɗaya gefen zauren ana gardama a kan wanda zai yanke ƙyalle ranar buɗewa da wanda zai riƙe faranti. Wani lokaci ƙarar aiki takan yi yawa, Shugaba ya ɗaga murya.

"Baba, a hankali da buroshin nan! Kayan tarihi ne!"

"To, ranka ya daɗe," in ji murya daga bayan tamfol.

Ni ina ƙarshen benci ina jan carbi, ina neman gafara, ina kuma roƙon kada iska ta ɗaga tamfol.

Abin da ya fi ba Mai-Igiya wahala shi ne cikin nan da tsohon bangon ya turo. Ya gina na ciki a miƙe sak, sannan ya zo fuskar da za a gani, dole ya turo bulon waje da gangan. Na kai masa ruwa ranar, na tarar da shi zaune a kan baro, igiyar tana hannunsa a naɗe. Ya ce hannunsa ƙi yake yi, sau uku yana ɗora bulon a karkace yana samun kansa ya gyara shi. Da ya gama ya shafe fuskar da ƙasa da toka, ya goge da tsumma, ya kankare wasu gefuna. Ranar da aka sauke tamfol, Shugaba ya tsaya a gaban bangon ya yi ajiyar zuciya, ya ce kaɗe ƙurar nan ta fito da tsufansa sosai.

An buɗe gidan wata Asabar bayan la'asar. Gaskiya ya yi kyau. An sa kujeru masu laushi, an toshe tagogi da labule mai kauri, ɗakin rediyo yana da jar fitila a saman ƙofa. Aka kafa allo, aka rataya lasifikoki, yara suka cika tabarmi, har da nawa huɗu. Dakta ma ta zo, karo na biyu ke nan da muka gan ta. Ta je gaban bangon, ta kankara da farce, ba abin da ya zubo. Ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ta waiwaya tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya har idonta ya sauka a kan Mai-Igiya, can baya kusa da ƙofa, da tsohuwar rigarsa mai tabon siminti. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta koma kujerarta. Da aka ba ta dama ta yi magana, sai ta ce bangon yana da ƙarfi, yara za su iya zama. Shugaba ya ce a tafa wa magabata.

Shi kuwa ya yi jawabi na kusan awa guda. Ya ce a dubi aikin mutanen dā, babu injin, babu boko, amma ga shi shekara ɗari biyu da hamsin ko gezau. Ya ce maginan yanzu su zo su koyi tsoron Allah a jikin bangon nan, yana faɗa yana nuna bayan zaure da takardar hannunsa. Mutane suka waiwaya suna dariya. Mai-Igiya ya cire hula ya mayar. An karanta sunayen waɗanda suka yi hidima, har da mai kawo ruwan sanyi da ni da ban yi komai ba, amma nasa bai fito ba, domin tun ranar da ya yi maganar kaji aka ɗauke shi a matsayin wanda kansa ya fara taɓuwa. Maganar ta bazu a unguwa. Daga baya masu ba shi aiki suka ragu, wasu suka riƙa zuwa wajen 'ya'yansa maza biyu, waɗanda su ma magina ne, suna cewa a bar tsoho ya huta. 'Ya'yan ma sun ji kunyar abin, babban har ya roƙe shi ya daina zancen bangon a cikin mutane.

Da aka kashe fitila aka kunna majigi, lasifikokin suka yi wata irin ƙara da na ji ta har cikin haƙorana. Yara suka yi ihun murna. Ni ban ga komai a allon ba, bangon nake kallo. Mai-Igiya ma da na waiga, bangon yake kallo, bai zauna ba har aka gama.

Muka fito tare da sauran hasken rana. Ya rako ni har bakin titi, yana tafe a baya kaɗan. A ƙarƙashin ƙaton allon nan mai tambari ya tsaya.

"Hajiya, ina da roƙo."

"Allah ya sa zan iya."

"Yanzu ko na faɗa wa yaran nan nawa, ba za su yarda ba, sun ɗauka ruɗewa ce. In kuma suka yarda, babban ba ya iya riƙe magana, Shugaba zai ji, ya sa a rushe don a nemo na asali. Ki bari sai bayan raina, in Allah ya sa na riga ki. Ki kira su biyun ki zaunar da su."

"In ce musu kai ka gina wannan?"

"Ki ce musu bango biyu na gina a wurin nan. Ki fara da na farkon, ki faɗi jar ƙasar, ki faɗi shirun da na yi, ki faɗi shekara talatin da huɗu da mutane suka yi suna wucewa ta gindinsa. Kada ki tausaya mini ki tsallake. In sun ji wannan sun haɗiye, sannan ki gaya musu na biyun."